Libarba Mai Jela

Alwyn Thackray ya yi aikin gyaran injin saƙa a wani ƙaramin gari na yankin Yokasha, can ƙasar Turawa, har masaƙar ta rufe. Abin da ya rage masa shi ne safiyar Lahadi a ƙungiyarmu ta masu harbin allo, cikin tsohon ramin fasa dutse a bayan gari. Ni ne nake tsayawa a layin da ke kusa da nasa, shi ya sa labarinsa ya zauna mini a kunne.

Da ƙuruciya gwani ne. Hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a miƙe, haka yake huda baƙin tsakiya. Shekarar da aka hana ƙananan bindigogi, da kansa ya kai libarbarsa ofishin 'yan sanda a cikin akwatin takalmi. Ya ce mini ko juyowa bai yi ba.

Daga nan ya koma wa wadda doka ta bari, libarba irin ta kakanni. Kowane ramin harsashi sai ka zuba albarushi, ka danna dalma, sannan ka ɗora wata 'yar hular tagulla da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya daɗe yana haka, har sanyin ƙashi ya kama yatsunsa. Hulunan suka riƙa zubewa ƙasa.

Abokinsa Cedric Holroyd, tsohon direban bas, ba ya raga masa.

"Tsoho, harbi ka zo ko shuka? Bana dai za mu girbe tagulla!"

"Rufe mana baki, Cedric. Kai da ko katangar coci aka ba ka sai ka kuskure."

Ana dariya, amma kowa ya san inda matsalar take. Lasisi yana hannun mai harbi ne kawai. In 'yan sanda suka ga bindiga tana kwance, sai su karɓe shi, Lahadin Alwyn kuma ta tafi ke nan.

Hanya ɗaya ta rage, wato libarba mai dogon baki. Tana cin harsashi na zamani, babu zuba albarushi. Amma don kada ta shiga sahun ƙananan bindigogi, bakinta ya kai tsawon kamu da rabi, an kuma liƙa mata sandar ƙarfe a gindi. Mu muna ce wa sandar jela. Ga kuma ƙa'idarta: wanda sunansa ke kanta shi kaɗai zai harba ta. Ba aro, ba gwaji. Cedric yana da irinta, amma bai isa ya miƙa masa ba.

"Wato in aure ta ban ga fuskarta ba," in ji Alwyn, muna shan shayi da biskit.

"Haka matarka Glenys ta yi da kai, ta kuma haƙura," in ji Cedric.

Alwyn ya juyo gare ni. "Yaro, kai me ka gani?"

Na ce ban sani ba, Baba. Gaskiya ce kuwa.

Ya saya. Ranar da ya fara kawo ta ana yayyafi. Ya tsaya yadda ya saba, hagu a aljihu, ya ɗaga dama. Bakin bindigar ya hau, ya yi rawa, ya fara sunkuyawa. Jelar ta maƙale a hannun rigar sanyinsa. Harbin farko ƙasa ya tona, nesa da allo. Na biyu ma haka. Na ga gumi a goshinsa duk da sanyin. Ban san lokacin da na miƙa hannu zan karɓar masa ba.

"Kul! Kada ka taɓa!" Ya daka mini tsawa. Sai ya sassauta murya. "Yi haƙuri, ɗana. In ka riƙe ta, ni da kai mun shiga uku."

Da kansa ya sauke ta a kan teburi, a hankali, da hannu biyu.

Cedric ya daina wasa. "Da za a rage bakin nan kaɗan..."

"Ko faɗin farce ka yanke, a kurkuku za ka riƙa kawo mini biskit."

A ƙarshen layi akwai benci da buhun yashi, inda ake zama a jingina bindiga. Tun da na san Alwyn yake kiransa gadon asibiti. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauki libarbar, jelar tana bugun gwiwar hannunsa, ya je ya zauna.

Harsasan duka suka shiga baƙi. Cedric ya ciro takardar da ke kan allon yana ɗaga ta sama.

"Ka gani? Idon yana nan!"

"Buhu ne ya harba," in ji Alwyn. Bai karɓi takardar ba.

Lasisinsa bai tafi ba. Duk Lahadi yana zuwa, ya wuce layinsa na da, ya zauna a bencin. Hannunsa na hagu dai har yanzu a aljihu yake sa shi.