Talibambam Ɗina a Akwatin Murja

Wata Juma'a ce bayan an gama yankan gero, shekarar da nake aji huɗu na firamare, shekara guda kafin ciwon dalma ya faɗa wa ƙauyukanmu na ƙasar Anka. Ina tsakar gida ina sheƙar wake sai muka ji ƙugin babur ɗin Baffa Sale, ƙanen babana, wanda ya tafi Gummi tun da safe. Ya shigo ta zaure yana tafiya a hankali, rungume da wani abu naɗe cikin bargo, yana ce wa yara su kauce. Ya ajiye shi kan benci a gindin dalbejiya, ya yaye bargon. Akwati ne na gilashi, ba marfi, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, an liƙe kusurwoyinsa da wani farin danƙo. Rana ta ratsa shi har ina hango kajin da ke kiwo a bayansa. Na saki faifan da ke hannuna, don na gane na mene ne tun kafin a faɗa. Baffa ya dube mu yana murmushi ya ce, "Na kifi na. Mai yankan gilashin taga yay yi min shi. Murja, zo ki ga abinki."

Murja 'yarsa ce, sa'ata, ajinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Ba ta taɓa kama ko ɗan tsakon kifi ba a rayuwarta.

Ni ce mai kifi a gidanmu, kuma kowa ya san haka. Idan damina ta ja baya gulbi ya sauka, akwai wasu shimfiɗaɗɗun duwatsu da ke fitowa inda muke zuwa wanki. Ruwa kan maƙale a cikin kwarmin duwatsun, wani kamar faɗin tasa, wani kamar faɗin tabarma, kuma duk abin da gulbi ya manta bai kwashe ba yana nan a ciki. 'Yan mata na shanya kaya suna wasan gaɗa, ni kuwa ina kwance rub da ciki kan dutse mai zafi ina leƙe. Akwai 'ya'yan karfasa, da kawara masu ƙyalli da jan bindi, da jatan lande da ba ka ganinsu sai sun motsa, da ƙananan kaguwa masu ɓuya a tsagar dutse, da dodon koɗi manne da gansakuka. Da tsohon ɗankwalin Inna nake tace su, in zuba a langa, in ɗora kan kayan wanki in kawo gida. Ba sau ɗaya ba na sha faɗa saboda ruwan langar ya jiƙa zannuwan da suka riga suka bushe.

Wani fasasshen gindin randa nake zuba su a ciki, a bayan ɗakin Inna, inda rana ba ta kaiwa sai da yamma. Ba wanda ya koya mini kiwonsu; mutuwarsu ce ta koya mini. Na gane ruwan rijiyarmu ba ya yi musu, sai na gulbi. Na gane ba a canza ruwan duka lokaci guda, sai a kwashe rabi a ƙara rabi. Na gane idan dusar da nake ba su ta yi yawa ruwan kan yi tsami su taso sama suna haki, sai na koma ba su gara da nake tonowa a gindin danga. Na shimfiɗa musu yashin gulbi, na jera musu duwatsu, na ɗora kainuwa biyu ta yi musu inuwa. Inna kan leƙo ta ce, "Zulai, in kin ƙare da baƙinki, tukunya na jiran ki." Amma ba ta taɓa zubar mini da su ba, kuma ita ke korar agwagi idan ina makaranta.

Baffa Sale ya ga randar tawa wata rana da ya zagaya neman igiya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya yi ta tambayata sunayensu, har na ji kaina ya yi girma. A lokacin ya shiga harkar zinariya, yana sayen dutse daga masu haƙa yana kai wa injin niƙa, hannunsa ya buɗe, ya yi babur, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Babana kuwa yana nan da gonarsa da shanun huɗarsa biyu. Abin da Baffa ya gani a bayan ɗakinmu shi ya tafi da shi Gummi a ransa, ya dawo da shi cikin bargo, ya miƙa wa 'yarsa.

Ni na cika akwatin. Wa zai cika shi in ba ni ba? Sawu uku muka yi gulbi washegari, ni da Murja, ina nuna mata kwarmin da ke da kawara da wanda ke da jatan lande, ita tana tsaye riƙe da langa tana tsoron kaguwa. Da ruwan ya kwanta yashi ya zauna, gidanmu ya zama kamar gidan biki. Mata masu zuwa daka suka ajiye turmi, tsofaffi suka shigo da sanda, Fulani masu tallar nono suka sauke ƙwarya suna kiran juna. Kowa ya durƙusa ya manna fuska da gilashi yana salati. "Kun ga kifin Murja?" Abin da ake ta faɗa ke nan a bakin rijiya da hanyar makaranta. Kifin Murja. Ni kuwa in zagaya bayan ɗaki in tsuguna gaban randata, in ga baƙaƙen bayansu kawai suna gilmawa cikin duhun ruwa. Na daina cin tuwo kwano ɗaya da ita, na ce tana saurin loma. Idan ta tambaye ni me za ta ba su, sai in ce ban sani ba, sannan in kasa haƙuri in je in zuba musu gara idan ba ta nan, don ba laifinsu ba ne.

Abu ɗaya ya rage mini wanda ba ta da shi. Wata biyu kafin zuwan akwatin na kama wani ɗan kifi mai kai kamar na kwaɗo, bai fi tsawon babban yatsa ba. Da na ɗago shi cikin ɗankwali sai ya kumbura ya zama kamar lemun tsami mai ƙaya. Wani tsohon masunci da ke gyaran taru a bakin ruwa ya ce mini sunansa talibambam, ya kuma ce, "Kak ki haɗa shi da kowa, ba ya zaman gayya." Ban ji ba, na zuba shi cikin randa. Kafin kwana biyu ya gutsure bindin karfasa huɗu, ya fasa dodon koɗina kamar mai cin gyaɗa. Sai na ware shi cikin wata tsohuwar ƙwarya shi kaɗai, na tura ƙarƙashin rumbu, na rufe da faifai. Ina son shi duk da muguntarsa. Ya san motsina. Da na ɗaga faifan zai taso yana jiran tana.

Ran wata Litinin Malam Bawa, malaminmu, ya sanar a aji cewa ranar Alhamis za mu je gidan su Murja mu ga yadda kifi ke numfashi. Gidan su Murja, ya ce, alhali ina zaune gabansa, kuma gidanmu ne mu duka. Ya sa aka tafa mata. Na tafa sau biyu na sauke hannu. Da muka koma gida na yi shara, na kai wa Baba abinci gona, na dawo, duk zuciyata tana wuri ɗaya. Da la'asar na jawo ƙwaryar nan daga ƙarƙashin rumbu na kai wa Murja. Na ce mata, "Ungo, na ba ki. Ki sa shi ciki, don Malam ya ga abin da bai taɓa gani ba." Ta dube ni kamar ba ta yarda ba, don kwana goma ban yi mata magana mai daɗi ba. Ta ce, "Har abada, Zulai?" Na ce har abada. Da hannuna na juye shi cikin akwatin.

Talata da safe kawara biyu suna yawo ba bindi. Laraba da muka taso makaranta, biyar na kwance kan yashi, jatan lande ba ko ɗaya, ɓawon dodon koɗi warwatse kamar an daka. Murja ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, tana cewa ita ce ba ta canza ruwa ba, Baffa zai ce ta yi sakaci. Na tsaya nesa ina jiran daɗin da na yi zaton zan ji. Ya zo, ba zan yi ƙarya ba, amma bai daɗe ba, don waɗannan kawara ni na tace su ɗaya bayan ɗaya, kuma na san kwarmin da kowacce ta fito.

Da na shiga ɗaki ɗaukar tsintsiya, Inna ta biyo ni. Ta sakaya ƙofa ta ce, "Wata biyu kifin ga na cikin ƙwarya shi ɗai. Mi yas sa kinka ware shi?" Ta ƙara cewa, "Kin san abin da yaka yi, ko ba ki sani ba?" Na ce na sani. Ba ta doke ni ba, kuma na fi so a ce ta doke ni. Ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba, wannan tsakanina da Allah ne, amma daga yau ruwan akwatin Murja a kaina yake, kullum, har gulbi ya ƙafe. Ta ƙara da cewa in kwashe waɗanda suka tsira in mayar randata kafin ya ƙarasa su.

Haka aka wayi gari Alhamis akwatin ba kowa sai talibambam. Na tafi makaranta ina ganin ko ba komai yau za a yi wa Murja dariya. Malam Bawa ya jero mu biyu-biyu har gindin dalbejiya. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, sai ya yi kabbara. Yara suka yi caa a kan bencin. Na kutsa ta tsakaninsu don in ga abin da ya ɗauke musu hankali, na durƙusa, na ga kifina.

Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Wata biyu ina ciyar da shi, bayansa kawai na sani, launin laka. Ashe cikinsa rawaya ne kamar an shafa masa kurkum, ashe akwai zane-zane a gefensa tun daga kunne har bindi, ashe idanunsa ja ne kuma kowanne na juyawa inda ya ga dama. Yana tsaye cak a tsakiyar ruwa, 'yan fikafikansa na kaɗawa da sauri har ba a ganinsu, ga haƙora huɗu a gaba kamar yana yi mana murmushi. Ya matso gilashi daidai fuskata. Malam ya ce shekararsa da yawa a bakin gulbin nan bai taɓa ganin talibambam da rai a cikin ruwa ba, sai busasshe a kasuwa. Ya ce Murja ta yi abin a yaba. Murja ta buɗe baki ta ce, "Malam, Zulai ta ba ni shi," amma hayaniya ta rufe muryarta, ni ma ban maimaita ba. Ranar na yi kishi irin wanda ban taɓa yi ba, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Na ɗauki ruwan akwatin nan har bazara. Ina tono tana, ina goge gansakuka da tsumma, mutane na zuwa daga wasu unguwanni kallon talibambam ɗin Murja. Da zafi ya tsananta ya daina cin abinci, Baffa ya ce a mayar da shi gulbi. Ni na kai shi, na sake shi a gurbi mai zurfi. Shekarar da ta biyo baya yara suka fara ciwo a ƙauyukanmu, aka gano dalma ce a ƙurar dutsen da ake niƙawa. Allah ya tsare gidanmu, amma bai wuce maƙwabtanmu ba. Da ma'aikata suka zo kankare ƙasar tsakar gida aka fitar da kaya waje, a nan akwatin ya tsage, kuma a wannan shekara ba wanda ke da zuciyar tambayar gilashi.

Yanzu ina koyarwa a Gusau, Murja tana aure a Sakkwato. 'Yan matan garinmu sun daina zuwa wanki gulbi saboda halin da daji ke ciki. A rijiyar burtsatse suke yi, cikin sauri, kafin la'asar. 'Ya'yana sun san kifi a miya da cikin waya, ba su taɓa kwanciya kan dutse mai zafi suna jiran jatan lande ya motsa ba. Bara da Murja ta haihu na je barka, na faɗa mata gaskiyar abin da na yi, ina ta sunkuyar da kai kamar mai shekara goma. Ta yi dariya har jaririn ya farka. Ta ce ita tsoron faɗan Baffa ne ya sa ta kuka, kifin bai taɓa damunta ba, kallon mutane ma gajiyar da ita yake yi. "Ai da kin ce kina son akwatin, wallahi da na bar miki shi tun ran farko."

Na yi ta juya maganar a mota har muka iso gida. Duk tsawon watannin nan ban taɓa tunanin in roƙa ba.