Sunan da Ba a Kira a Jirgi

Denez ɗan tudu ne. Ya tashi a wani ƙauye kusa da Rostrenen, inda ruwa mafi girma shi ne tafkin da shanu ke sha. Mahaifinsa zomaye yake kiwo, yana kai wa mahauta ranar kasuwa. Shi kuwa tun yana ƙarami ba abin da yake zanawa a ƙasa sai jirgin ruwa mai ƙyallen iska. Da ya kawo ƙarfi ya koyi kafinta, ya sayi wani tsohon jirgin katako da kowa ya ce sai dai a hura wuta da shi, ya ƙarar da samartakarsa yana canja masa katako ɗaya bayan ɗaya.

Katell, matar da ya aura, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar masunta daga tsibirin Sein. Gudowa ta yi daga teku, ta ce ta gaji da ƙarnin kifi da tsayuwar mata a bakin gaɓa suna jiran mazajensu. Shi ya yi ta lallashinta har ta yarda suka sayar da gida, suka kwashi 'yarsu Azenor suka tare a cikin jirgi, yau wannan tasha, gobe waccan.

"Kada ki damu," ya ce da ita ranar da suka kwance igiya. "Komai zan koya miki."

Ba su yi nisa ba jirin teku ya kama shi, amai ya taso masa. Yana rungume da bokiti Katell ta karɓi sandar tuƙi, wai kafin ya warware. Jirgin da ya saba yi masa gardama sai ya miƙe sumul, kamar ya ji hannun da yake jira. Ba ta duba littafi. Takan dubi launin ruwa ta ce akwai dutse a ƙasa, takan ji iska a ƙeyarta ta rage ƙyalle kafin hadari ya nuna kansa. Denez ya sha ƙwayoyi, ya tauna citta, jirin ya ragu amma bai bar shi ba.

A hankali aiki ya rabu ba tare da kowa ya raba shi ba. Ita ke tuƙi, shi ke girki da gyaran abin da ya karye da koya wa Azenor lissafi. In iska ta canja, yarinyar takan ɗaga kai daga karatu ta ce, "Mama, kin ji?" Bai taɓa jin ta tambaye shi ba.

Bai kira abin da ke cinsa da sunansa ba, ko a zuci. Cewa yake yi tsantseni ne. In Katell ta ɗaure igiya sai ya bi bayanta ya kwance, ya sake ɗaure ta yadda take. In ta shigar da jirgi tasha lafiya, mutane na tafi, sai ya ce ta kusa goge masa fenti. Abin da ya fi ƙona shi, ita ba ta ma ɗauki baiwar da muhimmanci ba. Shi ya so teku, ya ba ta rayuwarsa, ita kuma tekun ta zaɓi wadda ta guje ta.

Wata Asabar da rana suka shiga tashar Camaret cikin iska mai ƙarfi, Katell ta ratsa tsakanin jirage ba tare da ta kunna inji ba. Wani tsohon masunci mai suna Fanch, abokin marigayi mahaifinta, yana tsaye a gaɓa yana kallo. Ya hau jirgin da abokansa biyu da kwalbar giyar tuffa. Denez ya soya musu fanke.

"Hannun ubanki sak, 'yata," in ji Fanch. "Da yana nan da ya yi kuka, shege, shi da bai yi kuka a jana'izar uwarsa ba."

"Haba Kawu, sa'a ce kawai."

"Sa'ar me? Ke dai Allah ya haɗa ki da miji na gari. Ga fanke, ga jirgi tsaf. Ni da na samu irinsa da na aura!"

Suka bushe da dariya, har da Azenor. Denez ma ya yi, yana juya fanke.

"Kai ɗan tudu," Fanch ya ce yana miƙo kofi, "mahaifinka me yake yi ne can a gonakin kabeji?"

Duk wanda ya taɓa taka jirgi a wannan gaɓa ya san akwai dabbar da ba a kiran sunanta a kan ruwa. Mai dogon kunne ake cewa. Tsofaffi sun ce a da in ta kuɓuce daga keji takan gaigaye igiyoyin kaya har jirgi ya kife. Katell ba ta zuwa coci, ba ta yarda da duba ba, amma wannan guda ta riƙe, don mahaifinta ya riƙe ta har ranar da ya fita bai dawo ba. Denez ya san haka sarai. Shekara da shekaru in an yi masa wannan tambaya manomi yake cewa.

Ya ajiye cokali, ya dubi matarsa.

"Zomo yake kiwo," ya ce. "Zomaye, keji kan keji. Da kuɗin zomo na sayi katakon farko na jirgin nan."

Ɗaya daga cikin mutanen ya yi maza ya dafa anga, ƙarfen da ake kafe jirgi da shi, don kore mugun abu. Fanch ya ajiye kofinsa a cike, ya tofa yawu a ruwa, ya miƙe.

"Sai anjima, 'yata. Ki gaishe da mahaifiyarki."

Bai dubi Denez ba. Suka sauka a jere.

"Baba, ka faɗa!" in ji Azenor, idanu waje.

"Suɓutar baki ce. Kuma wai ku, a wannan zamani, kalma ce za ta nutsar da jirgi?"

Katell ta miƙe. Ta ɗebo gishiri ta watsa a dandamalin jirgi, hannunta yana rawa. Denez yana kallon hannun nan da bai taɓa ganin ya yi rawa ba, sai ya ji wani sanyi mai daɗi ya sauka a ƙirjinsa. Ya sunkuyar da kai don kada a gani, amma ya makara.

Washegari ruwa ya ciko, iska ta yi kyau, Denez ya kunna inji. Katell ta fito da rigar sanyinta, ta zauna can gefe, ta naɗe hannu.

"Ga sanda can," ta ce. "Jirginka ne."

"Katell, don Allah, saboda dabba?"

"Ka bar maganar dabba. Na ga fuskarka jiya, Denez. Tunda muka hau jirgin nan ban taɓa ganin ka ji daɗi haka ba."

Ya kama sandar, ya fitar da su har bakin tasha. Can gaba igiyar ruwa tana fashewa a kan duwatsu, fari fat. Ya saci kallon matarsa ko za ta ce dama ko hagu, ita kuwa farcenta take dubawa. Ya juyo da jirgi, ya ce ai iskar ba ta yi ba.

Ba ta rabu da shi ba, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ta nemi aiki a wani gidan kula da tsofaffi a garin, ta sa Azenor a makaranta. Har yanzu a jirgin suke kwana, suna ci tare, wani lokaci har da raha. Sai dai hannunta bai sake taɓa sandar jirginsu ba. Denez yana yi wa masu jirage aikin katako, ana yaba shi, in ruwa ya kwanta lumui yakan zaga cikin tasha shi kaɗai ya dawo.

Ranar Lahadi Fanch yakan biyo da ƙaramin jirginsa, ya tsaya ɗan nesa, don ya rantse jirginsa ba zai goga da na Denez ba. Katell da Azenor su bi ta gaɓa su shiga. Denez yakan ce yana da fenti da zai ƙarasa. Sai ya zauna da burushi a hannu yana kallon jan ƙyallen jirgin Fanch yana ratsa duwatsu, ya san wa ke tuƙi, har fentin ya bushe a bakin burushin.