Ranar da Ƙasa Ta Tafi da Barau

Ranar wata Alhamis ce cikin bazarar 1970, shekarar da aka gama yaƙi, bayan azahar kaɗan, ina tsaye a bakin Tafkin Chadi a garin Baga, na ga ƙasa ta tashi tana tafiya. Ba mafarki nake yi ba, ba kuma zazzaɓi ke damuna ba. Fili ne guda kore shar, da dogayen ciyayinsa, faɗinsa zai kai tsakar gidanmu na Tudun Ƙofa a Keffi, ya rabu da gaɓa a hankali kamar mai gudun kada a ji motsinsa. A tsakiyarsa ga farar babbar rigar Babanmu a shimfiɗe, a kanta kuma ƙanena Barau yana barci da yatsa a baki. Ni a lokacin ban wuce shekara goma ba.

Sai na faɗa muku matsayin Barau a gidanmu kafin ku gane abin da ruwan nan ya ɗauka. Bayan ni, Inna ta haifi uku, duk ba wanda ya kai ga tafiya. Da aka sami wannan, aka sa masa Barau, ana roƙon Allah ya bar mana shi. Layu a wuya, kambu a dantse, kuma ba a yarda ƙafarsa ta je kusa da ruwa ko na cikin kwatarniya ne. Rijiyar gidanmu kullum a rufe take da tsohon kwanon rufi an ɗora dutse. Saboda rainonsa aka cire ni daga makaranta ina aji uku, ban kuwa ji haushi ba, don ni dama 'yar zaman gida ce. Da shi a baya nake shara, da shi nake kai wa Baba abinci gonar doyarsa ta hanyar Agwada, da shi nake 'yar gala-gala a ƙofar gida, ina tsalle yana ƙyalƙyala dariya yana ja mini kitso. In za mu wanki rafin Antau, sai Inna ta biyo ni har zaure tana cewa, "Jummai, ki sa ido, ido ba ya gajiya." Antau ɗin ma da rani iyakarsa gwiwa, shi ne kuma babban ruwan da muka sani a duniya.

Baba bayan noma yana sayar da banda a kasuwar Keffi. Kawu Musa, ƙanen Inna, shi ke aiko masa da kifin daga Baga, kuma can kakarmu ta wajen uwa take zaune tare da shi. Da lokacin yaye Barau ya yi, Kaka ta aiko cewa ba wanda zai yaye mata jika sai ita, kamar yadda aka saba. Baba ya ce to, mu tafi gaba ɗaya, Inna ta ga danginta, mu kuma mu sha iska mu ga ruwan da muke cin arzikinsa, don shi ma bai taɓa zuwa ba. Unguwa ta ɗauka kamar Makka za mu. Aka soya mana ƙuli-ƙuli, aka daka yaji, muka hau bayan motar banda da za ta koma babu kaya, ta wani Bayerabe a Sabon Gari. Muka yi ta tafiya, Akwanga, Jos, Bauchi, duwatsu suka ƙare, itatuwa suka gajarce, yashi ya fara, warin kifi ya kama mu har cikin gashi.

Abin da na gani a Baga kuwa, da bakina goma da ban gama faɗa ba. Ruwa ne ba ƙarshe, ya haɗe da sama har ba ka gane inda wannan ya tsaya wancan ya soma. Na ga shanu masu ƙahoni kamar tulu suna iyo, hanci kawai a waje. Na ga jirgin da aka ɗaure da ciyawa zalla, mutum a kai yana tuƙi bai nutse ba. Na ga ana sauke kanwa falle-falle kamar murfin rijiya, ga matoya kifi a jere hayaƙi na tashi, ga tsuntsaye masu jaka a ƙarƙashin baki suna tsaye kamar dattawa a wurin suna. Matar Kawu, Yagana, Babarbariya ce doguwa mai fara'a, ita ke riƙe hannuna tana nuna mini, tana Hausarta mai daɗi, wani lokaci ta ce da namiji "ke", ta ce da mace "kai". Da yamma takan gasa mana karfasa a kan garwashi mu ci har mu kasa tashi. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna ya faɗa mana, don su a wurinsu ko yaron goye ya san shi.

Yayen bai zo da sauƙi ba. Aka shafa wa Inna maɗaci a nono, aka kai ta ɗakin Yagana aka ɓoye, don in yaro yana ganin uwa ba ya haƙura. Barau ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, ya ƙi kunu, ya ƙi Kaka, duk baƙuwar fuskar da ta matso sai ya ƙanƙame ni, don akwai shi da ƙiwa. Ran Alhamis ɗin Kaka ta gaji liƙis, sai Baba ya saɓa shi a kafaɗa ya ce in biyo shi bakin ruwa. Ya yi ta kai da kawowa yana jijjiga shi har barci ya sace shi. Yashin gaɓa da zafi, ga kuma wani wuri nan manne da gaɓar, kore, mai inuwar ciyawa. Baba ya taka, ya ce, "Kai, wurin nan da laushi kamar katifa." Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, ya kwantar da shi. Daidai nan aka ɗauki sowa can gefe, an jawo giwan ruwa wanda ya fi Baba tsawo. Baba ya ce mu leƙa, ai ga yaron nan muna hangensa. Muna cikin kallon ana farke cikin kifin na ji iska ta taso daga bayanmu ta ɗaga mini ɗankwali. Da na waiwaya, tsakanin gaɓa da Barau akwai ruwa.

Ashe ba ƙasa ba ce. Ciyawa ce da saiwoyi suka sarƙe shekara da shekaru suka yi kauri, suna yawo a kan ruwa duk inda iska ta kora su. Na ƙwalla ƙara. Baba ya zabura ya faɗa ruwan, shi da bai iya iyo ba, taɓo ya riƙe shi, sai da maza suka jawo shi yana fizge-fizge. Mutane suka taru ana salati, wani ya ruga zai tayar da injin jirgin kanwa. Can sai ga Inna a guje, ba mayafi ba takalmi, ta buɗe baki za ta kira sunansa. Yagana ta daka tsalle ta toshe mata baki da tafin hannu. "Yaya, kada ki kira! In ya ji muryarki zai taso, kuma ruwa zai taka." Ta juya ga taron ta ɗaga hannu, ta ce da mai injin ya bari, ƙara za ta tashe shi. Wallahi kamar an yi ruwa an ɗauke. Bakin ruwan da ke cike da masunta da 'yan kasuwa ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa na lasar jikin jirage.

Kawu Musa ya tura kwale-kwalensa, ya dube ni ya yi mini alama in shiga. Ya raɗa mini cewa yaron ba zai yarda da shi ba, in ya farka ya ga baƙon mutum zai gudu ta ɗaya gefen. Ni da ko gadar Antau sai na runtse ido nake hayewa, na shiga na zauna a ƙasan jirgi. Kawu da wani masunci suka kama tuƙi a hankali, ba sa bari filafili ya bugi ruwa. Mu muna tafiya, tsibirin na tafiya, iska na taimakonsa. Sai in ga kamar mun matso, sai in ga farar rigar ta ƙara ƙanƙancewa. Duk addu'ar da na koya a makarantar allo ta gudu daga kaina, ba abin da nake maimaitawa a zuci sai, Allah kada ya farka, Allah kada ya farka.

Ya farka. Ya tashi zaune, ya duba dama da hagu, ya ga ba kowa, ya fashe da kuka. Sannan ya dafa ya miƙe. "Nna! Nna!" Murya a kan ruwa ba ta da shamaki, na san har gaɓa ana ji. Na waiwaya sau ɗaya. An kwantar da Inna a bayan wani jirgi da aka kife don kada ya hango ta, Yagana ta danne ta da jikinta, ba abin da nake gani sai ƙafafun Inna suna tonon yashi. Ɗanta na kiranta, ita da ta binne uku, kuma ba halin ta amsa. Baba na durƙushe a taɓo hannuwa a ka. Barau ya soma takowa, tangal-tangal, wajen bakin ciyawar inda ta yi siriri ruwa na ɓulɓulowa.

Kawu ya ce a hankali, "Jummai, yi masa magana. Amma kada ki ce zo." Sai na tuna da guntun ƙuli-ƙuli a ƙulle a bakin zanina. A gidanmu ba a ba yaro abu a tsaye, Inna ta hana tun yana koyon tafiya. Na ɗaga ƙulin sama, na daidaita murya kamar muna tsakar gida, na ce, "Barau, wa zai ci? Mai ci ya zauna." Ya tsaya. Ya dube ni yana shessheƙa, majina har baki. Ya ƙara taku ɗaya. Na sake cewa, "A'a, mai tsayuwa ba ya ci." Sai ya yi daɓas ya zauna, ya miƙo hannu. Daga nan ban rufe baki ba. Na ba shi labarin akuyarmu da ta cinye wa maƙwabta tuwo, na tambaye shi ina hancinsa, ina kunnensa, ya yi ta nuna mini yana kuka, har goshin jirgi ya taɓa ciyawa.

Kawu ya gwada sa ƙafa, gefen ya nutse da shi, ya janye. Ya ce sai ni, kuma in ja ciki, kada in miƙe. Na kwanta rub da ciki na rarrafa, abin yana lotsawa a ƙarƙashina, ruwa mai sanyi na ratsa rigata. Na miƙa masa ƙulin da hagu, na damƙe ƙafarsa da dama. Kawu ya kama idon sawuna ya jawo mu tare kamar ana jan taru. Rigar Baba kuwa can muka bar ta, ta ci gaba da tafiyarta.

Da muka iso gaɓa sai bakin kowa ya buɗe, kabbara da guɗa da kuka. Inna ce kaɗai ba ta ce komai ba. Ta kasa tashi, da rarrafe ta iso. Ashe dantsenta ta ciza don kada sauti ya fita, jini har gwiwar hannu, kuma da tabon haƙoran nan ta koma ga Mahaliccinta. Ta kamfaci ruwan tafkin ta wanke maɗacin, ta sa shi a nono a gaban maza da mata. Kaka ta buɗe baki za ta ce yaye ya lalace, ta dubi fuskar 'yarta, ta mayar da bakinta ta rufe. Yagana na hawaye tana cewa laifinsu ne da ba su gargaɗe mu ba, ko akuya baƙo ya ɗaure a irin wurin nan sai ya wayi gari babu ita. Baba dai abu ɗaya yake ta faɗa wa duk wanda ya zo yi masa barka, "Na taka ta da ƙafata, ƙasa ce." Motar farko da ta ɗauki banda ita muka biyo zuwa gida. Barau da kansa ya saki nono a Keffi, lokacin da sabuwar doya ta fito.

Yau Barau dattijo ne da furfura da jikoki, bai tuna komai ba, in na ba da labarin sai ya ce, "Yaya, kin dai ƙara gishiri." An ce ruwan ya janye daga Baga, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka gan shi, ga zaman lafiya ya ƙaurace wa wurin. Ni ban sake zuwa ko'ina ba, ina nan Tudun Ƙofa. Jikokina kan je hutu su dawo su nuna mini hotunan ruwa a waya, in ce ma sha Allah. Keffi kuwa ta cika da ƙarar keke mai ƙafa uku da acaɓa, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Wani lokaci in na zauna a tsakar gida bayan la'asar, sai in tuna taron mutanen nan da ba su san mu ba, ba mu san su ba, suka haɗiye muryoyinsu gaba ɗaya saboda ɗan baƙo. Ban san ko yanzu za a samu garin da zai iya yin shiru haka ba. Inna ta tafi, Baba ya tafi, ruwan ma ya tafi. Shirun nan ne kawai har yau bai bar kunnena ba.