Tsagar Bangon Aji Uku

Shekara ashirin da biyu Baba Burushi yana yi wa gine-ginen gwamnati fenti, har farcensa ya manta launinsa na asali. Asibiti, makaranta, ofishin ruwa, babu wanda bai shafa ba. Abin da ke ci masa rai, kullum bangon da ke kallon titi ake ba shi. Asibitin da ya yi wa fari sau shida, har yau masu jego a ƙasa suke kwanciya. Matarsa takan ce aikinsa kitso ne da ƙwarƙwata, shi kuma ya ce ai da kitson ake ɗora tukunya a gidan nan.

Bana aka tura shi makarantar unguwarsu, wai babban baƙo zai zo buɗe sabuwar ƙofa. Ƙofa fa, mai ginshiƙai biyu har da fitilu, a makarantar da ake tashi da rana tsaka! A bangon aji uku ya tarar da tsaga tun daga rufi har ƙasa, hannunsa na shigewa ciki. Da ya leƙa, sai ga jikarsa a benci, kafaɗarta jingine da bangon. Ja'irar har da yi masa gwalo.

Ya sami ɗan kwangilar aikin, ya ce masa simintin ginshiƙi ɗaya ya isa ya tada wannan bango, kuma ciwo ake fara dubawa kafin kwalliya. Mutumin ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Wai kuɗin ƙofa aka ware, ba na bango ba, a cusa takarda a shafe.

Takaici ya ishi Baba Burushi. Ya shafe bangon fari tas, ya bar tsagar, ya zagaye ta da jan fenti yadda ko daga titi za a hango.

Baƙo ya zo, ya yanke ƙyalle, aka sha tafi. Tsagar kuwa, ƙaton hoton baƙon aka rataya a kanta, yana murmushi. Mai fenti kuma aka ce ya huta haka.

Washegari ya riƙo hannun jikarsa har aji, ya ciccibi bencinta ya nufi bakin ƙofar ajin, nesa da bangon.

Malamar ajin ta ce, "Baba, sauran yara talatin da taran fa?"

Ya juya da bencin a hannu. Yara uku har sun zauna a ƙasa inda ya ɗauke shi, sun jingina da bangon, saboda iska mai sanyi da ke shigowa ta tsagar.