Ranar Da Sobiyar Kaka Ta Juya

Tun da watan Sha'aban ya raba tsakiya, ƙanshin jiƙaƙƙen sha'ir ke hawowa ta matakalar ginin da muke haya a nan unguwar Kudai, cikin Makka. Aikin 'ya'yan maƙwabciyata ne ta hawan ƙasa. Su da abokansu sun tsiri yin sobiya, suna ɗurawa a kwalabe masu ƙyalli suna kaiwa shaguna. Ba su kaɗai ba ne kuma, yanzu duk lungun da ka leƙa a Makka akwai samarin da za su rantse maka tasu ce ta ainihi. Wannan ya sa mangwaro, wancan ya sa gahawa, har na ga wata shuɗiya, Allah Ya kyauta. Sun kawo mini na kurɓa, na ce Allah Ya yi albarka, ban ƙara komai ba. Amma ƙanshin nan na matakala ban iya rufe masa ƙofa ba. Da na shaƙe shi sai in gan ni a kan dutse, ƙafa ba takalmi, da 'yar moɗa a hannu.

A kan dutsen da ke bayan unguwar Hindawiyya aka haife ni. Gidajenmu a goye da juna suke, rufin wani shi ne dandalin ƙofar wani. Ruwa a garwa ake hawo da shi, mai ɗauka ya iso yana haki kamar zai shiɗe. Duk da haka babu gidan da ba a dama abin sha, musamman da azumi. Akwai masu kunun zaƙi, akwai masu zoɓo, akwai masu lamurje mai sa mutum hawaye. Sobiya kuwa, wadda muka tarar a wajen mutanen ƙasar, mata biyu ne suka riƙe ta a dutsenmu: kakata a can ƙololuwa, da wata dattijuwa a gindin dutse da muke ce wa Gwaggon Ƙasa.

Ba faɗa suke yi ba, kada ku ɗauka haka. Suna gaisawa har da tambayar jikoki. Sai dai Gwaggon Ƙasa kan ce sobiyar Kaka kunu ce da ta zo aikin Hajji ta ƙi komawa gida, don Kaka na haɗa gero da citta a tata. Kaka kuma kan ce ta Gwaggo ruwan wankin zabibi ce. Kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Gwaggo ta hau zuwa gidanmu ba. Ta ce gwiwoyinta ba na haya ba ne.

Abin da ke tsakaninsu shi ne ɗan masallacin tsakiyar dutse. Shekara da shekaru, randar Kaka ce ake saukarwa can a yi buɗe-baki da ita, sadaka. Ba a biyan kowa komai, amma duk macen da ke dutsen ta san wannan matsayi ya fi awarwaron zinariya. Kowa kuma ya san ranar da Kaka ta yi tuntuɓe, Gwaggo na tsaye a bayanta.

Ga wanda bai sani ba, sobiya abu ne mai rai. Za a jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a sa kirfa da hel, ɗan abin ƙanshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, a rufe a bar su su tashi. In ka tace da wuri, salam za ka ji ta kamar ruwan tsari. In ka dace da lokaci, za ta ɗan ciji harshe ta sake shi, ta sauka har ƙafa. In kuwa ka yi sakaci ta wuce, to ta juya, ta koma abin da ba a ambatar sunansa a gidan mutunci, balle a garin nan. A zafin Makka kuma, abin da ka ɗanɗana da sahur ba shi ne za ka tarar da azahar ba. Dole da rana tsaka a sami harshen da zai ce yanzu ne. Da rana tsaka kuwa kowa na azumi.

Kaka ba ta yarda mai azumi ya ɗora komai a harshe ba, ko da zai tofar. An gaya mata akwai sauƙi a kan haka, ta ce mai son sauƙin ya je ya yi a gidansu. Saboda haka ni ce harshenta. Tun ina 'yar mitsitsiya take kira na bakin randa, ta ɗebo a moɗa ta miƙo mini, ta kafe ni da ido. In na yamutsa fuska ta gefe ɗaya, da saura. In na lumshe ido, ta yi. Ba na dariya, ba na neman ƙari. Har yau mutane na cewa fuskata ba ta da fara'a, to a bakin randar nan na koyi haka, aiki ne ba wasa ba.

Sai shekarar da na isa ɗaukar azumi. Ni murna, Kaka tagumi. Ƙanena yana nan, amma yaron da ke lasar bango ba a tambayarsa ɗanɗano, komai ka sa masa a baki cewa yake a ƙaro. Ɗan maƙwabta kuma ba ta yarda ba, kada ya sauka da sirrin haɗinta gindin dutse. Mahaifiyata akwai kwanakin da take da uzuri, amma wace suruka ce za ta tsaya tsakar gida da moɗa a baki ta sanar da duniya? Da Kaka ta kewaya ta kewaya, sai idonta ya faɗa kan Tsoho.

Tsoho shi ne kakana, mijinta. Da ƙafa ya zo ƙasar nan tun yana saurayi, amma a lokacin da nake ba ku labari ya tsufa ƙwarai, liman da kansa ya sauke masa azumi aka koma ciyarwa. Yini yake a kan buzu a inuwar bango yana jan carbi, babu mai tambayarsa komai sai ya jiki. Da Kaka ta ce, "Malam, kai za ka riƙa ɗanɗana mini," sai da ya sa aka ɗauko masa hularsa ta Juma'a. Ya dube ni ya ce, "Amarya, an ƙwace miki sarauta." Na ce masa sarautar da ake yi a kan buzu ba ta dame ni ba.

Abin da ba mu sani ba, goro da shekaru sun riga sun cinye harshen Tsoho. Zaƙi da tsami duk ɗaya ne a wajensa. Ga shi kuma ya gano cewa da zarar ya ce ta yi, an gama da shi, kowa zai watse ya bar shi da carbinsa. In ya ce da saura kuwa, za a dawo, a durƙusa, a jira bakinsa. Kwanakin farko ƙananan tukwane ake yi, Kaka kan gaji da jiransa ta tace, sobiyar ta fito da ɗan tsami fiye da kima. Masu ƙishirwa ba su ce komai ba. Gwaggon Ƙasa ce kawai ta aiko a tambaya ko Kaka ta koma sayar da ruwan tsami ne, tana so.

Ranar rufe tafsiri ita ce babbar rana, duk mazan dutse da baƙinsu a masallaci suke shan ruwa. Kaka ta jiƙa manyan randunanta tun da wuri. Ga zafi a ranar kamar an buɗe murhu, ga mura ta toshe mata hanci saboda ruwan ƙanƙarar da ta ɗirka da sahur. Ta yi niyyar wannan karon ba za ta yi gaggawa ba, sai Malam ya ce.

Da hantsi aka kai masa moɗa. Ya kurɓa, ya dubi sama, ya shanye, ya ce, "Da saura."

Kafin azahar na wuce ta gefen randa na ji abin da na ji. Ƙanshin ya bar hel ya koma wani abu mai kaifi, kumfa na tasowa tana fashewa da kanta. Na ce, "Kaka, ta yi fa, har tana neman wucewa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke tafi can. Azumin fari ne ke cin ki, so kike a ce ki kurɓa."

Ban bar wurin ba. Na zauna a kan turmi ina kallo. Moɗa na zuwa, moɗa na dawowa wayam. Tsoho ya ce a riƙa ɗebo masa daga kowace randa don ya gwada su da juna. Bayan azahar na ga ya ture hula gefe. Can na ga ya ajiye carbi yana kaɗa yatsu a gwiwa. Da akuyar maƙwabta ta leƙo ta katanga, sai ya yi mata barka da zuwa, ya tambaye ta mutanen gida da hanya.

La'asar na kawo kai Kaka ta je da kanta ta durƙusa ta ce, "Malam, rana na tafiya. Ta yi ko ba ta yi ba?"

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya kira ta da sunanta na yanka. Sunan da ko mahaifina bai taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce, "Ashe har yanzu wushiryar nan tana nan. Zo ki zauna kusa da ni, ki bar yaran nan da randa."

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, tana danne dariya. Kaka ta miƙe a hankali. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce da ni, "Kama mini nan." Muka tuntsurar da randunan ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa.

To, a kan dutse babu inda ruwa zai je sai ƙasa. Sobiyar nan ta bi matakala tana kumfa, ta wuce ƙofar kowa, ta wuce gefen masallaci, warinta na gaba tana biye. Mata suka firfito suna toshe hanci. Ba ta tsaya ko'ina ba sai a ƙofar Gwaggon Ƙasa, inda ta taru ta yi ɗan tafki.

Kaka ta zauna a bakin randa wayam, hannu a haɓa. Magariba ta kusa, maza sun fara shimfiɗa tabarmi, ba ta da abin saukarwa. Ta san gobe in an ce sobiyar masallaci, ba ita za a nufa ba. Ta san kuma abin da za a riƙa faɗa in an tuna dalili.

Sai muka ji haki a matakala, da ƙarar sanda, da mita. Gwaggon Ƙasa ce, a karon farko a rayuwata, tana hawowa tana tsine wa duk wanda ya fara gina gida a kan dutse. A bayanta 'yarta ce da mai ɗaukar ruwa, kowa da garwa a rufe da tsumma kamar ruwa suka kawo. Ta zube a tsakar gida, sai da numfashinta ya dawo ta ce, "Saƙonki ya iso har ƙofa, na gode. Ɗauraye randar nan maza, ki juye wannan. Ba don ke ba, don kada a ce dutsenmu ya bar baƙi da ƙishirwa."

Kaka ta buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. "Kada ki ce komai, ba ki iya godiya ba, za ki ɓata ta." Ta waiga wajen Tsoho da ke barci baki buɗe, ta ce, "Malam kuma Allah Ya ƙara lafiya, na ga ya sha aiki."

Aka sauke randar Kaka masallaci kamar kullum. Aka harba igwa, aka kira salla, aka sha. Mu muna sama muna jiyo hayaniya. Bayan an idar mahaifina ya hawo da fara'a, bai san komai ba, don daga kasuwa masallaci ya zarce. Ya ce, "Inna, yau kin gama da kowa! Liman ya ce tun da yake shan sobiyarki bai taɓa jin wadda ta kai ta yau ba. Ya ce duk abin da kika canza, don Allah kada ki koma na da."

Kaka ta ce, "Madalla." Ta tashi ta shiga ɗaki, ko tuwo ba ta ci ba.

Matsayinta bai kuɓuce ba, ita ta ci gaba da saukar da randa har ƙarfinta ya ƙare. Sai dai duk shekara sai wani ya tuna mata da ta ranar rufe tafsirin nan, ya tambaya ko za a sake irinta. Matan dutse duk sun san gaskiya, babu wadda ta gaya wa mijinta. Tsoho kuwa ya farka washegari da ciwon kai, ya ce zafin bana ya yi yawa, aka bar shi a haka.

Yanzu an rushe yawancin dutsen, an watsa mu cikin benaye, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Abinka zai lalace a ɗaki, na kusa da kai bai sani ba, balle ya hawo. Bara na haɗu da 'yar Gwaggo a wajen wata ta'aziyya, ita ma ta tsufa, da sanda take tafiya. Muka koma gefe muna lissafin waɗanda suka rasu. Can ta ce, "Kin san ranar nan duk abin da muke da shi muka hawo da shi? Da ruwan randa zalla muka yi buɗe-baki."

Na ce, "Allah sarki, Gwaggo. Allah Ya kai haske kabarinta."

Ta ce, "Amin. Amma kada ki ji tausayinta da yawa. A bakin taga ta zauna da kofinta, tana jin liman na yabo, tana kurɓa tana lumshe ido. Har ta rasu tana cewa ba ta taɓa shan ruwa mai daɗin na ranar ba."