Shamuwa Ta Dawo, Malam Mani Bai Gani Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha bakwai ga watan Shawwal, daidai da sha biyar ga Afrilun 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulsalam Mani, manomi a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, bayan gajeriyar jinya. Ni Usaini Shago, maƙwabcinsa a gida da gona, ni na rubuta wannan ta'aziyya da hannuna. Ban sa kowa ya rubuta mini ba, domin babu wanda ya san mamacin kamar yadda na san shi.

Malam Mani, kai ne ka raka ni ajin yaƙi da jahilci ranar farko, lokacin da mutane suke dariya wai mai furfura ya ɗauki fensir. Ban taɓa zaton babban rubutuna na farko zai zama na rasuwarka ba.

Kowa ya san alherinka. Shekarar da shukata ta ƙone, kai ka buɗe rumbunka ka ɗebo mini irin gero, ba ka bari wani ya ji ba. Da rani kullum akwai kaskon ruwa a gindin tsamiyar ƙofar gidanka saboda kurciya da hazbiya. A kan tsamiyar nan shamuwa take sheƙa tun zamanin mahaifinka, kuma da ita muke gane damina ta matso. Idan ka leƙo zaurena ka ce, "Usaini, baƙi sun sauka, a kai taki gona," to magana ta ƙare.

Abu ɗaya muka daɗe muna gardama a kansa: ina shamuwa take tafiya idan ruwa ya ɗauke? Ni na tsaya a kan cewa Makka take zuwa, domin haka na ji daga kakana, kuma ni ba mutum ba ne mai sauya magana da sauƙi. Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ce, "Ranar da ta dawo da dabino a baki zan yarda."

Sai ga shi a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, babban ɗanka Munir, wanda yake aiki a ƙasar Zambiya, ya aiko maka da tikitin jirgi ka je ka huta. Ya so ya nuna maka giwaye da zakuna, amma ya shaida mini idonka yana sama ne kawai. Kana ta aiko mini da saƙon murya a waya kana bayani. Ka ce hankakansu irin namu ne, har da rashin kunyar. Ka ce belbelarsu ma tana bin shanu. Carkinsu kuwa bakinsa ja ne gaba ɗaya, ba kamar namu mai ruwan ɗorawa a gindin baki ba. Wanda ba ka gane ba, sai ka ce ba ka gane ba, ba ka laƙa masa sunan ƙarya.

Wata safiya saƙonka ya shigo. Ka ce, "Usaini, nemi wuri ka zauna. Na tsayar da motar Munir a bakin wata gona. Ga 'yar gidanmu nan, baƙin baya, farin ciki, tana tsintar fara! Can damina ake yi, ashe ruwa take bi. Alhazan naka ba su je Makka ba." Ka tambayi masu gonar, suka ce ba su taɓa ganin ta yi sheƙa a wurinsu ba. Ka ce mini, "Ita ma baƙuwa ce a nan kamar ni. Gidanta yana kan tsamiyata. Na gaya mata zan riga ta komawa, in tare ta."

Ka riga ta komawa, Malam, amma ba ka tare ta ba. Ko a kan gadon jinya ka tambaye ni ko sun iso, na ce tukuna. Ka ce a juya maka shimfiɗa ta fuskanci taga.

Ba a tashi daga zaman makoki ba, muna zaune da hantsi, sai inuwa ta gifta a kan tabarma. Na ɗaga kai, ga shamuwa biyu sun sauka a tsohuwar sheƙa. Na miƙe zan kira ka, har na buɗe baki. Dole na fita daga cikin mutane na zagaya bayan danga.

A wurin zaman nan ne na ji cewa Jamil, ƙanen Munir, ya yi magana da mai injin yankan itace a sare tsamiyar, domin kashin tsuntsaye yana ɓata kwanon sabon ɗakinsa, kuma yana son fili. Jamil, ɗana, ban ga laifinka ba, wuri ya yi mana kaɗan duka. Amma ina roƙonka a gaban duk wanda zai karanta wannan. Mahaifinka ya je har wata ƙasa ya gano cewa wannan tsuntsuwa ba ta da gida a can, sai nan. Ya yi mata alkawarin tarba. Kada ta rasa shi, ta kuma rasa tsamiyar a shekara ɗaya. Wanke kwanon ɗakinka ka bar mini, da tsufana zan hau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Ummukulthum, da 'ya'yansa Munir, da Jamil, da Nazira, da dukkan jama'ar ƙauyenmu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙan Malam Mani, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da marasa baki, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Malam, baƙi sun sauka. Na zuba ruwa a kaskon, gobe zan kai taki gonarka kafin tawa.