Manyan Ƙwayoyin Jinin Illela

Ranar Litinin, 6 ga Maris 2023, Lokotoro Nasiba, wata likita, ta fara haɗuwa da Malam Alkasum, mai awon jini a wata ƙaramar asibiti ta ƙasar Illela. Daga Ƙonni ta zo masa da sabon madubin likita mai kyamara, wanda ake jonawa da kwamfuta. Gwajin wata uku ta ba shi: in aiki ya yi kyau madubi ya zauna, in ba haka ba a kai shi Malbaza.

Shekara ashirin da biyu Alkasum ya yi yana leƙen tsohon madubi da ido guda, har na hagun ya saba runtsewa ko a wajen hira. Bai yi niyyar komawa gare shi ba.

Nasiba ta ba shi wani ɗan gilashi mai zanen ma'auni, ƙanana ƙwarai. Ta ce kwamfuta ba ta san girman komai ba sai an nuna mata wannan, kuma duk sanda aka canza idon madubi sai an sake nuna mata. Ta daidaita ta a ido mai lamba arba'in, ta ƙara da cewa gilashin ɗaya ne tak, kada ya karce. Wannan ta ƙarshen ce ta fi shiga kunnen Alkasum. Ya naɗe gilashin a ƙyalle, ya kai gida, ya sa a akwati ƙarƙashin rigarsa ta Sallah. Kashegari ya juya madubi zuwa ido mai lamba ɗari, inda ya saba aiki.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya faɗinta mikiron bakwai ne zuwa takwas, a irin ma'aunin da ke jikin gilashin. Ta mutum na farko goma sha takwas ta ba da. Ta na biyu, sha tara. Alkasum ya auna mutum ɗari huɗu da sha biyu, yana adana kowane hoto, yana rubuta rana da lambar ido a rajista. Daga ƙarshe ya gano dalili: furar gero ce. Ya rubuta rahoto shafi tara.

Nasiba ta dawo ta karanta rahoton. Sai ta huda yatsanta, ta miƙa masa.

"Sha tara," in ji Alkasum. "Lokotoro, ashe kina shan fura a ɓoye."

"Baba, ni ko warinta ba ni so. Ina gilashin da na ba ka?"

"Yana nan lafiya lau. Ko ƙuda bai taɓa shi ba."

"Ina?"

"Gida."

Sai da aka hau babur ɗin kabu-kabu aka ɗauko shi. Da aka daidaita kwamfuta a ido na ɗari, jinin Nasiba ya koma bakwai da rabi. Alkasum ya kalli madubin kamar mai rakiyar baƙo tasha.

Nasiba kuwa rajistar take buɗawa. Tunda kowane hoto da lambar idonsa, ba sai an sake huda kowa ba. Kwana biyu suka yi suna sake awo, jinin Illela ya dawo irin na kowa.

An bar masa madubin. Ya yi aiki da shi har ya yi ritaya a Disamba 2024. Yanzu yana noman gero da wake a garinsu.